Kada Himmarmu Ta Zama Wutar Kara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwana Musulmi maza da mata.

Duk wanda yake sallah a masallacin unguwarsa a nan Sakkwato ya san abin da ke faruwa bayan ƙaramar Sallah. A goman ƙarshe na Ramadan sahu yakan fito har bakin titi, matasa suna tsaye a tahajjudi cikin zafi da sauro ba sa ko gezau, amma kafin watan Shawwal ya raba sai ka tarar da sahu ɗaya da rabi a sallar asuba, mafi yawansu dattawa masu furfura, Alƙur'anan da aka yi ta rububinsu kuma sun koma kan kanta, ƙura tana hawansu. Ina faɗin wannan da ciwon zuciya, domin ni ma na sha zama cikin waɗanda aka nema aka rasa. Allah Maɗaukaki Ya gargaɗe mu a Suratun Nahli, aya ta 92, kada mu zama kamar macen da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙwari, kuma ina tsoron hakan muke yi wa kanmu kowace shekara.

Uwar Muminai A'isha (RA) ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Wata rana kuma ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce masa ta Zainab ce, idan ta gaji da sallar dare sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance igiyar, kowa ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Ku duba fa, wadda aka yi wa wannan gyara ibada take yi, kuma da kyakkyawar niyya, amma Annabi (SAW) ya san halin rai: idan aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, yakan yar da kayan har da gammon.

Mu mutanen wannan gari muna yawan ambaton shekarar 1804, da hijirar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu, da yaƙin Tafkin Kwatto, amma ba kasafai muke tuna abin da ya gabaci wannan ba. Shehu ya fara wa'azi da karantarwa wajen 1774, yana ɗan shekara 20, ya yi kusan shekara 30 yana zama da almajirai, yana zagaya ƙasar Kabi da Zamfara, yana koya wa maza da mata tsarki da sallah da tauhidi da harshen da suke ji. Waɗannan shekaru na aiki iri ɗaya kullum, wanda babu ganga babu tuta a cikinsa, su ne suka gina jama'ar da muke alfahari da ita. Idan muka je ziyara Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ya kamata mu tuna da wannan haƙurin.

Akwai wani dattijo majemi da nakan zauna wurinsa, yana jeme fatar jar akuya. Na ga yadda yake jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashin, ya wanke ta, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya riƙa dawowa yana juya ta yana murzawa da hannuwansa da suka rine suka yi kanta. Na tambaye shi ko babu hanyar da za a gaggauta aikin, sai ya ce mini: "Ɗana, idan ka tsame ta tun ba ta sha ba, bayanta zai yi kyau a ido, cikinta kuwa ɗanye ne, kuma baduku yana taɓa ta zai gane." Zuciya ma haka take shan tarbiyya, sai an yi ta mayar da ita ruwa ɗaya, yau da gobe.

To, ta ina za a fara? Allah Ya riga Ya kafa mana turaku biyar a kowace rana, abin da ya rage shi ne mu ɗaure ayyukanmu a jikinsu. Alƙur'ani izu 60 ne, kuma a bugun Madina da ke hannun mafi yawanmu izu ɗaya shafi 10 ne. Wanda ya karanta shafi 2 bayan kowace sallar farilla, kafin ya tashi daga inda ya sallame, ya yi izu ɗaya a rana, zai sauke cikin wata biyu, wato sau shida a shekara. Wanda wannan ya yi masa nauyi ya ɗauki shafi ɗaya, wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin zaure tsakanin magariba da isha'i ya fara daga baƙi da wasali, domin babu abin kunya a cikin koyo. Sallar asuba kuwa tun dare ake shirya mata. Ni dai ban samu kaina ba sai da na daina shiga ɗakin kwana da waya, na riƙa barin ta a falo bayan isha'i, domin na lura cewa awa biyun da nake ɓatawa a Facebook da WhatsApp su ne suke cinye mini jam'in asuba, musamman lokacin hunturu da bargo ke da daɗi.

Sai dai ɗabi'ar da mai ita bai san dalilin yin ta ba takan gajiyar da shi. Allah Ya ce a Suratuz Zariyat, aya ta 56, bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta Masa, kuma bauta ta fi ƙofar masallaci faɗi. Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada a kansa, har lomar da ya sanya a bakin matarsa. Ɗan kabu-kabun da yake fita cikin zafin Afrilu don ya ciyar da iyalinsa da halal, da manomin albasar da yake sammakon ban ruwa a fadama, da uwar da take bin tilawar 'ya'yanta bayan ta sauke tukunya, duk suna cikin ibada muddin sun gyara niyya suka kiyaye farilla.

Ranar da aka fashi wuridi ita ce ranar da Shaiɗan ya fi matsowa, yana raɗa wa mutum cewa tunda ya karya, ya bari kawai sai wani azumin. Kada a saurare shi. Muslim ya ruwaito daga Umar (RA) cewa wanda barci ya ɗauke shi bai karanta wuridinsa na dare ba, ya karanta shi tsakanin asuba da azahar, za a rubuta masa kamar da dare ya karanta. A'isha (RA) ma ta ce idan barci ko ciwo ya hana Annabi (SAW) tsayuwar dare, yakan sallaci raka'a 12 da rana. Saboda haka wanda ya wayi gari yau da bashin shafi biyu a kansa, ya yi alwala ya biya kafin ladan ya kira azahar.