Nasiha Ga Majalisun Masoya Ƙwallo: A Gyara Dokar Musu

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya ƙwallo, musamman shugabannin majalisu da masu gidajen kallo.

Ba na cikin masu ganin duk musun ƙwallo laifi ne. Ɗan Madrid ya yi taƙama da kofin zakarun Turai 15, ɗan Barcelona ya ce ai shi ya ga zamanin Messi mai Ballon d'Or 8, a yi dariya a watse. Wannan raha ce. Abin da ke damuna shi ne inda hirar take ƙarewa a majalisunmu da yawa: a kan uwa da uba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya zagin iyaye cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamaki, suka ce ta yaya mutum zai zagi iyayensa? Ya ce zai zagi uban wani, shi kuma ya zagi ubansa. Ya zagi uwar wani, shi ma ya zagi uwarsa. To ɗan uwana, ka tsaya ka duba. Tsohuwa tana gida, wataƙila tana kan sallaya tana yi maka addu'a, kai kuma kana can ka jawo mata ashar a bainar jama'a saboda fanaretin da aka hana a Sifaniya. Wanda kake wa wannan faɗan bai ma san an haife ka ba.

Kusan kowace majalisa tana da dokar "ba zagi", amma a kan wa take aiki? Yaro ya yi a kore shi. Mai sayen man janareta ko abokin shugaba ya yi, a ce ai wasa yake. Annabi (SAW) ya gaya mana abin da ya halaka waɗanda suka gabace mu: in babba ya yi laifi su ƙyale, in mai rauni ya yi su tsayar masa da hukunci. Nan ya kamata gyara ya fara. Shugaba ya fara hukunta ɗan ƙungiyarsa kafin ya waiwayi na wata, in ba haka ba babu mai ganin girman dokar.

Sannan a shata iyaka kowa ya sani. Ka soki koci, ka soki salon wasa, ka ce alƙali ya yi son kai. Amma garin mutum, ƙabilarsa, sana'arsa, nakasarsa da fahimtarsa ta addini ba sa cikin fili. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba ta ware ranar El Clasico ba.

Kar wani ya ce ai baki ne kawai. A 2009, bayan Barcelona ta ci Manchester United 2-0 a wasan ƙarshe na zakarun Turai, wani ya afka wa masu murna da mota a Jihar Ribas, mutum 4 suka mutu. A 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, hukuncin ya faɗa kan Kano Pillars ɗin da ake cewa ana so. Irin wannan fushin a baki yake fara tsiro.

Wani abin da ba a son faɗa: yawancin zafin kan nan na caca ne. Wanda tikitinsa ya yanke ba ya jin raha. Aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta ce Shaiɗan yana son jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu ta giya da caca, ya kange mu daga ambaton Allah da salla. Majalisar da ke son zaman lafiya ta hana maganar caca a cikinta, in an kira salla kuma a tashi ko da ana bugun fanareti.

Idan biyu suka ɓata, kar a bari su wuce kwana 3 suna gaba, domin an hana Musulmi hakan. Dattijan majalisa su zaunar da su kafin wasa na gaba, wanda ya fara zagin iyaye ya ba da haƙuri a gaban waɗanda ya yi a gabansu.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya yafe mana abin da muka jawo wa iyayenmu.