Ma'aikacin yuraniyom ba shi ne ya kamata ya kawo shaidar ciwonsa ba

Ciwon daji ba ya zuwa da takardar da ke nuna inda aka kwaso shi. Mutum zai yi shekara 20 yana shiga ramin ma'adinai, ya yi ritaya, sai can daga baya tari ya sarƙe shi, likita ya ce huhu ya taɓu. Yana buɗe baki ya nemi diyya, sai a tare shi da tambaya: ina shaidar cewa aikin ne ya jawo? Ba ka shan taba? Ai ko manomi yana kamuwa da wannan ciwo.

A ganina an ɗora wa mai rauni kayan da ba nasa ba. Ɗan ma'aunin da ake maƙala wa ma'aikaci don auna yawan tururin nukiliya (radiation) da ya shiga jikinsa, kamfani ne ke ba shi, kamfani ne ke karɓa ya karanta, kuma a ofishin kamfani ake ajiye sakamakon. In fayil ya ɓata, ko tun farko ba a auna ba, laifin wa?

Amurka ta daɗe tana musu kafin ta sauko. Sai a shekarar 2000 majalisarta ta yi dokar biyan ma'aikatan masana'antun makaman nukiliya dala 150,000 tare da kuɗin magani. Hanyar farko ita ce NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta lissafa tururin da mutum ya kwasa, a biya shi in yiwuwar cewa aikin ne sanadi ta kai kashi 50 cikin 100. Hanyar na da jan rai, tsofaffi da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jiran lissafi. Amma dokar ta buɗe wata ƙofa da ta fi burge ni. A wurare irin su Paducah a jihar Kentucky da Portsmouth a Ohayo, ba a neman wani lissafi. Ka yi aƙalla kwana 250 kana aiki a wurin cikin shekarun da aka ƙayyade, kana da ɗaya daga cikin nau'o'in ciwon daji 22 da aka jera, shi ke nan, ka cancanta.

Masu suka na cewa ta haka za a biya wasu da ko ba su taɓa aikin ba, za su kamu. Gaskiya ne. Sai dai asarar 'yan kuɗi ga wanda ya yi sakaci da awo ta fi sauƙi a kan a kori gwauruwar da mijinta ya shaƙi radon, iska mai guba da ke fita daga yuraniyom, har ƙarfinsa ya ƙare.

Ga mu Hausawa wannan ba labarin nesa ba ne. Tun 1971 kamfanin Somair ke haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, Cominak kuma ya yi ta haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta daga 1978 har aka rufe shi a ƙarshen Maris na 2021. Manyan asibitocin yankin kamfanonin ne suka gina su, suka kuma daɗe suna tafiyar da su. Ban ce likitocin maƙaryata ba ne, amma ba a sa kura ta ƙirga awaki.

A duba abin da ya sami iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, ciwon dajin huhu ya kashe shi a 2009. A 2012 wata kotu a garin Melun na Faransa ta kama Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari a Cominak, da laifi, ta yanke diyyar yuro 200,000. Shekara na zagayowa kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a kan hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba, Cominak ne, kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Nijar. Mai lauya a Faransa ke nan, balle leburan da ya koma ƙauyensu a Tawa ko Damagaram ba ko kwafin fayil ɗinsa a hannu.

A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe Somair daga hannun Orano, magajin Areva, aka yi ta murna. To, wanda ya gaji ma'adinin ya gaji marasa lafiyarsa. Ya kamata a fitar da jerin cututtuka da adadin kwanakin aiki, duk wanda ya cika su asusun kula da jin daɗin ma'aikata na Nijar, wato CNSS, ya biya shi ba tare da ja-in-ja ba, a kuma tilasta wa kamfanonin su miƙa wa kowa sakamakon awonsa. A sa har da ma'aikatan 'yan kwangila, waɗanda suka shiga rami ɗaya da ma'aikatan dindindin, amma da aka rufe Cominak ba a sallame su da irin abin da aka ba waɗancan ba.