Ba jahilci ne ke hana matan arewacin Kamaru zuwa asibiti ba

Abin da ya fi ba ni haushi tun da aka faɗaɗa shirin cekin lafiya, wato takardar rangwamen kuɗin haihuwa ta Kamaru, a cikin tsarin inshorar kowa da kowa a 2023 shi ne bayanin da masu sharhi daga Yawunde suke maimaitawa, wai an rage wa matan arewa kuɗin haihuwa amma jahilci da al'ada sun hana su zuwa asibiti. Gaskiya ne tun 2015 mai juna biyu a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tana biyan sefa 6,000 ta samu awon ciki da haihuwa har da tiyata, kuma binciken 2018 ya nuna mace 406 ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000 a Kamaru. Amma masu wannan magana ba sa tambayar wa matar take tararwa idan ta isa.

Mace ta taso daga ƙauyen Mokolo ko Yagwa a bayan babur, naƙuda ta kama ta, sai ta sami ma'aikaci namiji da aka turo daga kudu, ba ya jin Fulatanci ko Hausa, balle Mafa ko Tupuri, ita kuma ba ta jin Faransanci. Wa zai fassara mata? Mijinta, ko wani yaro da aka kira daga bakin ƙofa, kuma a gabansu ake so ta faɗi irin jinin da take zubarwa. Ciwon kai da kumburin ƙafa, alamun jijjiga ke nan, suna ɓacewa a tsakanin harsuna biyu. Matar da ta sha wannan kunya sau ɗaya, ungozomar unguwa za ta nema a ciki na gaba, kuma ban ga laifinta ba.

Mafita ita ce a ɗauki 'yan yankin aikin asibiti. Masu cewa ɗaukar 'yan yanki zai zubar da ingancin aiki, hujjarsu ba ta kai a tsaya a kanta ba, domin babu wanda ya ce a sassauta jarrabawa.

Yanzu Garwa tana da tsangayar koyar da likitanci, ga makarantun ungozoma da aka buɗe a ƙasar tun 2011. A ware gurabe da tallafin karatu ga 'yan matan Marwa da Kuseri da Mora, a ɗauke su aikin gwamnati da zarar sun gama, sannan a tura kowace zuwa inda take jin harshen mutane kuma ba za ta kwana tana neman a mai da ita gida ba.