Musabahar Kawu a Landan

Kun dai san Kawu, kun kuma san akwatin faya-fayan garmahon da ya dawo da shi daga karatu a Ingila. Tun muna yara yake sa mana "Sugar, Sugar" yana cewa ya ga masu waƙar a 1969. To, daren Asabar a teburin mai shayi rediyo ta saki waƙar, bakina ya ƙi zama lafiya. Na ce, "The Archies ke nan. Kawuna har musabaha ya yi da su a Landan."

Baba tsohon ma'aikacin rediyon nan yana ƙarshen benci. Ya ajiye kofi a hankali, ya ce, "Ikon Allah! Dukansu biyar?" Na ce dukansu. "Har da 'yan matan biyu?" Na ce su dai daga nesa ya gaishe su, ai kun san Kawu da tsantseni. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Mai gangar fa, wanda hularsa ke da tsini-tsini?" Na ce shi ma ya fi kowa sakin fuska, har adireshi ya ba Kawu. Wallahi Kawu bai taɓa zancen adireshi ba, gishirina ne. Sai Baba ya ce, "To karensu?" Na ce Turawa ai ba sa rabuwa da kare, amma Kawu ya kauce masa saboda yana da alwala.

Baba ya juya wajen ɗan Hajiya. "Yaro, latso mana su a wayarka, mu ga fuskokinsu masu albarka."

Zane ne, jama'a. Katun. Wani yaro mai jan gashi riƙe da gita, ga mai hular tsini a bayan ganga, ga wani ƙaton farin kare yana tiƙar rawa. Wayar ta fara zagayawa hannu zuwa hannu kamar ƙwaryar fura, duk wanda ta iso ya kalle ta, ya kalle ni, ya miƙa gaba. Ba wanda ya yi dariya tukuna, wannan ne ma ya fi ciwo. Sai da ta kai hannun mai shayi, ya ƙura mata ido, ya ce, "Yallaɓai, wanne ne ya ba da adireshin?" Nan benci ya kusa karyewa. Ƙwan da yake soyawa ya ƙone ƙurmus. Ni kuwa ina ta juya cokali a kofin da babu komai a cikinsa.

Sannan Baba ya buɗe darasi, da muryar nan tasa ta karanta labarai. Wai wani ɗan kasuwar waƙa, Don Kirshner, ya yi rigima da ƙungiyar mawaƙa The Monkees a 1967 saboda sun nace sai sun kaɗa kayan kiɗansu da kansu, aka sallame shi. Sai ya koma kan ƙungiyar da ba za ta taɓa yi masa musu ba, 'yan zane na wani shirin yara da aka fara a talbijin a 1968. Muryar ta wani Ron Dante ce. Waƙar ta yi mako 4 a saman jadawalin Amurka, mako 8 a na Ingila, mujallar Billboard ta ce ita ce ta ɗaya a 1969 gaba ɗaya. Irinsu ake kira waƙoƙin cingam, don yara aka yi su, har a bayan kwalin abincin karin kumallo ake manna faifan.

Na nemi hanyar tsira. Na ce wataƙila Ohio Express Kawu yake nufi, ai akwai faifansu a akwatin. Baba ya ce madalla, su kam mutane ne, sai dai masu hawa dandamali daban, wanda ya rera "Yummy Yummy Yummy" a 1968 daban, Joey Levine sunansa, a New York ya naɗe ta. Wai su Kasenetz da Katz, masu shirya faya-fayan ƙungiyar, haka suke sana'arsu, suna ɗaya, ma'aikata kashi biyu. "Ko su ne Kawunka ya gaisa da su, hannun da bai yi waƙar ba ya riƙe."

Abin da ke cina shi ne, tun tambayar farko mutumin nan ya sani. Ya zauna yana ba ni igiya ina ɗaure kaina. Mutumin da nake goyawa a babur duk lokacin tantance 'yan fansho, in jira shi a rana, ko kuɗin mai bai taɓa tayawa ba. Cajar wayata tana gidansa tun kafin azumi. Jiya na gaishe shi a ƙofar masallaci, ya amsa lafiya lau, har na wuce ya ɗaga murya, "Ya karen?"

Na kira Kawu. Ya ce, "Ni na ce maka musabaha? Cewa na yi na gan su. A talbijin." Daga nan ya shiga maganar kuɗin taki.

Mai shayi kuma ya rubuta ƙwan da ya ƙone a lissafina, wai ni na jawo. Ban biya ba tukuna.