Mun daina tambayar juna me muke karantawa

Jama'a don Allah ku lura da irin hirar da muke yi in an haɗu da abokai bayan an kwana biyu ba a ga juna ba, musamman mu 'yan jami'a. Ana gama gaisawa sai a shiga ya makaranta, yaushe za ku fara jarabawa, ku kun shiga semesta ta biyu ne ko har yanzu, an fitar muku da tayimtebul kuwa? Wannan ya ce malaminsu ya sa lakca ƙarfe bakwai na safe ranar Asabar, wancan ya ce su har Lahadi ana kiransu tes, a yi ta yi har mai shayi ya fara tattara kofunansa. Amma ka ji wani ya ce abokina wane littafi ne a hannunka yanzu, wallahi da wuya, kuma ni abin nan yana ci min rai.

Ban ɗora mana laifin duka ba fa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2020 tun watan Maris aka fara sai Disamba aka janye, ga korona a kai, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida. Da aka koma sai jami'o'i suka shiga gudun cike giɓi, aka matse semesta, hutu ya koma na 'yan kwanaki. Shi ya sa ɗan BUK da ɗan ABU Zariya da ɗan Danfodiyo Sakkwato da suka gama sakandare aji ɗaya yanzu kowa da kalandarsa, wannan na hutu wancan na tsakiyar jarabawa, haɗuwar ma sai da sallah ko bikin wani.

To a irin wannan matsin karatu sai ya koma handawut zalla. Takardar da aka yi wa fotokwafi har rubutun ya dushe, ka kwana a aji da fitilar waya sauro na cizonka kana haddacewa, gari ya waye ka juye wa malami kayansa ka fito, bayan sati biyu ko kan maganar ba za ka tuna ba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wata takwas ɗin nan da aka yi a gida ai lokaci ya samu har ya yi yawa, mutum nawa ne a cikinmu ya gama littafi ko guda? Ni a ganina ba lokaci kaɗai muka rasa ba, abokin karatu muka rasa. Ku tuna yayyenmu mata lokacin da littattafan Hausa na Kano ke tashe, ga boko ga Islamiyya ga wanke-wanke da girki, amma littafi ɗaya sai ya zagaye unguwa, bangonsa ya yage an liƙe da salatif, ana ce mata ke Yaya ki yi sauri ki gama yau gobe layin wance ne. Suna karantawa ne saboda akwai mai jiran su a zauna a yi musu a kan labarin, wa ya kyauta wa ya yi zalunci. Har yanzu ma mata sun fi mu riƙe abin, je ka guruf-guruf na WhatsApp ka ga yadda ake bin labari shafi-shafi ana sharhi, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 tana ta fito da sababbin marubuta mata. Mu maza kuwa majalisarmu daga ƙwallo sai siyasa.

Kalandar jami'a ba a hannunmu take ba, sai dai mu yi ta addu'a Allah Ya kawo gyara. Amma hutun nan da ke tafe ko sati ɗaya ne ya isa a gama ƙaramin littafi, 'yan Kano ga laburaren Murtala Muhammad nan, wanda ke nesa kuma ya nema a waya. Ni dai ina da 'yan littattafai na tarihi da na labari a ɗaki, duk abokin da ke so ya zo ya ara, sharaɗina biyu ne, ka dawo min da shi da bangonsa, kuma ranar da za ka kawo ka zo da lokacin zama don sai ka faɗa min inda ka yarda da marubucin da inda ba ka yarda ba.