Littafi Mai Tsarki a hannu, shaidar zur a baki

'Yan'uwana a cikin Almasihu, salama gare ku. Akwai abin da ya tsaya min a wuya tun jiya na kasa haɗiyewa, dan Allah ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Na raka wata baba kotu kan maganar gona. Gwauruwa ce, matsalar 'yan bindigar nan da ta kori mutane da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ita ta sa ta baro gida ta zo gari ta zauna wajen 'yarta, da abin ya ɗan lafa ta koma sai ta tarar maƙwabci ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya yi huɗa har ya wuce ɗorawar da kowa ya san marigayi mijinta ne ke cin amfaninta. Wancan ya kawo shaidu, kuma a cikinsu akwai mutanen da muke sujada tare. Aka miƙa wa ɗaya Littafi Mai Tsarki, ya riƙe da hannun dama, ya rantse zai faɗi gaskiya, ya buɗe baki ya ce tun yana yaro ɗorawar nan a gonar wancan take. Baba ta juyo ta ce mashi, ɗana, ranar gayya ba a gindin itacen nan na kawo muku kunu ba? Ya sunkuyar da kai yana murza hula a hannu, bai sake kallon inda take ba har aka ɗage zaman.

Haba jama'ar Allah! Haba!

Mu fa gwanaye ne wajen kukan rashin adalci a ƙasar nan. Ranar 26 ga Oktoba 2023 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin zaɓen shugaban ƙasa, kowa ya zama lauya a Facebook da WhatsApp, wasu na murna wasu na cewa an saye shari'a. A addu'ar safe kullum sai mun roƙi Allah ya ba Najeriya alƙalai masu tsoronsa, kuma daidai ne mu roƙa, don matsalar tana nan ba ƙarya ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna a shekarar 2023 kaɗai an miƙa wa ma'aikatan gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721. To amma hannun wa ya miƙa? Ai idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Alƙalin nan da muke zagi ba ya nan ranar da kakanninmu suka yanka iyaka, bai san wa ya fara saran dajin ba, bai san kabarin wa ke gefen gonar ba, abin da shaidu suka faɗa a gabansa shi zai rubuta, a kansa zai yanke hukunci, kuma ko an ɗaukaka ƙara zuwa sama wannan rubutun dai shi za a buɗe. Ko alƙalin da bai taɓa karɓar ko kwabo ba, in ka cika mashi takarda da ƙarya, hukuncin zalunci zai fito daga bakinsa, kai ne kuma ka sa mashi.

Ku koma 1 Sarakuna 21 ku sake karanta labarin Nabot a hankali. Mun saba ɗora komai kan sarauniya Yezebel da mijinta sarki Ahab da ya yi kwaɗayin gonar Nabot, amma Yezebel ba ta ɗauki dutse ko ɗaya ba. Wasiƙa ta rubuta wa dattawa da manyan garin Nabot, mutanen da suka san shi suka san ubansa, suka san gonar inabin nan gadonsa ce. Aka yi shelar azumi, ku lura fa, azumi, wato an lulluɓe abin da rigar ibada, aka zaunar da shi a gaban jama'a, aka kawo mutum biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka fitar da shi bayan gari aka jejjefe shi. Da a ce mutum biyun nan sun ƙi, da a ce dattijo ɗaya ya miƙe ya ce ƙarya ne, da wasiƙar sarauniya ba ta isa ta zubar da jinin kowa ba. Ubangijinmu Yesu ma da shaidun ƙarya aka nemi kama shi a gaban majalisa, yana nan a Matiyu 26. Istifanus ma haka aka yi mashi. Mu da aka yi wa Mai Cetonmu wannan, mu ne yau za mu tsaya a akwatin shaida mu yi wa gwauruwa?

Na san abin da za a ce. Namu ne. Ɗan gidanmu ne, surukina ne, ƙabilarmu ɗaya, cocinmu ɗaya, in ban tsaya mashi ba dangi za su juya min baya. Wani ma ba kuɗi aka ba shi ba, kunya ce kawai ta hana shi cewa a'a. Wani kuma kuɗin mota da na abinci da ɗan abin sa wa a aljihu, shi kenan an saye shi. Fitowa 23 ta riga ta toshe wannan ƙofar, ta hana mu bin taron jama'a mu karkatar da shari'a, har ta hana mu goyon bayan matalauci a shari'arsa don kawai shi matalauci ne, balle a ce don namu ne.

Sannan wanda ya fi ƙona min rai, in abokin shari'ar Musulmi ne ko Bafulatani, sai wasunmu su ga kaman an buɗe musu hanya. Shanu sun shiga gona sun yi ɓarnar da ba ta fi buhu biyu ba, kai ka gani da idonka, a gaban mai unguwa sai ka ce buhu goma. Eh an cuce mu a wurare da yawa, an kashe mana mutane, an kwashe mana yara, ban manta da 'yan makarantar Birnin Yauri na 2021 ba. Amma mutumin da ke tsaye gabanka ba shi ya yi ba, kuma dokar da aka ba Musa cewa ta yi kada ka yi shaidar zur a kan maƙwabcinka, ba ta tambayi inda maƙwabcin yake ibada ba.

Ba a maganar gona kaɗai ba fa. Kana bin yaro bashi, maimakon ka ce bashi ne sai ka je caji ofis ka ce sata ya yi maka don a matsa mashi ya biya. Kai a ganinka kwana biyu zai yi a sake shi, amma ba shi da mai tsaya mashi beli, ba shi da kuɗin lauya, sai a wuce da shi gidan yari, alhali kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A cikinsu nawa ne bakin ɗan'uwa mai bi ya kai su? Ga takardar rantsuwar shekaru da muke zuwa kotu mu rage wa yaro shekara uku ko huɗu don ya samu shiga soja, uba da kansa ke sa hannu. Ga masu yin shiru, sun san gaskiya sarai, in aka kawo sammaci sai su ce ba ruwana, ranar zaman kotu a neme su a rasa. Littafin Firistoci 5:1 ya ce wanda ya gani ko ya sani aka nemi shaida ya ƙi faɗa, alhakin na kansa.

Iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, da girmamawa nake magana, amma ku ma da sauran aiki a gabanku. Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa ko an rasa mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai sasanta 'yan'uwa. Rikicin iyaka da yawa da kun tashi kun taka zuwa gonar da tsofaffin da suka san wurin, da bai kai kotu ba. Kuma in mutum ya ci gonar marayu da shaidar zur, kaka ta yi ya ɗauko buhun masara ya kawo baikon godiya, kun san daga inda masarar ta fito, kada ku karɓa ku tafa mashi. Maimaitawar Shari'a 27:17 la'ana ta ɗora wa mai kawar da iyakar maƙwabcinsa. Ku kira shi gefe ku gaya mashi cikin ƙauna kafin ya miƙa hannu ga jibin Ubangiji.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, na san faɗin gaskiya a ƙauye ba wasa ba ne, za a daina gaishe ka, wataƙila har biki a hana ka zuwa. Amma Allahn da ya karɓi Zakka bai rufe ƙofa ba, sai dai ka tuna Zakka bai tsaya kan kuka ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. In ka taɓa rantsuwa kan ƙarya, je ka samu faston ka, ku tafi wajen wanda ka cuta, in shari'ar na gaban kotu ka nemi lauya ya nuna maka yadda za ka gyara maganarka.

Kai kuma da aka kira ka shaida a satin nan, in an riga an ba ka kuɗin mota, dan Allah ka mayar da su yau ɗin nan. Ka mayar musu, ka shiga mota da kuɗinka, ka faɗi abin da idonka ya gani. Dan Allah na roƙe ka.