Burtsatse kusa da masai: a auna ruwan kafin a sha

A Rigasa ko Tudun Wada, nan garin Kaduna, da zarar mutum ya samu ɗan sarari sai ya kira masu injin haƙa. Ruwa ya fito garau, a yi hamdala, 'yan garuwa su jera jarkoki. Ba wanda ke zancen gwaji. Ni kuwa wannan garau ɗin ne ke tsorata ni, domin gubar asenik, wani sinadari da ke iya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita.

Bangaladash ta ɗanɗana kuɗarta. Daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin bututu don a raba jama'a da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa. Sai a 1993 aka tabbatar akwai asenik a ciki, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Tafin hannu da na ƙafa ya yi kanta, fata ta yi ɗige-ɗige, daga baya sankarar fata, ta huhu da ta mafitsara. Ƙarshenta fenti aka bi famfuna da shi: ja kar a sha, kore a sha.

Babu wanda ya zuba musu guba. Tana nan a ƙasa tun fil azal, manne da tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashi, kuma muddin akwai iskar oksijin ba ta motsi. Abin da ke kwance ta shi ne ruɓaɓɓun abubuwa: ganye da laka da kogi ya binne, kashin dabbobi, ruwan masai. Ƙwayoyin bakteriya na cin wannan ruɓa har su ƙarar da oksijin, sai su koma kan tsatsar suna narkar da ita. Tsatsa na narkewa, asenik ya bi ruwa.

Wani zai ce ai Kaduna kan tsohon dutse take, ina ruwanta da lakar kogin Ganjis da ya ratsa Bangaladash? Gaskiya ne, ƙasarmu daban ce. Amma jan marmararmu cike take da ƙarfe, fadamun bakin kogin Kaduna kuma laka ce mai ruɓa. A kan wannan muka ƙara namu: sokawe taku kaɗan daga burtsatse, bola a bakin rafi, ruwan kwata yana malala. Wanda ya taɓa ɗiban ruwa fari tas, ya kwana a bokiti ya wayi gari ja, ya ga alamar ƙarfe na narkewa a ƙasa. Wannan ba hujjar guba ba ce, dalili ne na zuwa gwaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyaka a maikrogiram 10 cikin kowace lita, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma haka ta ce. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando, cikin garinmu. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha shi ne ta wajabta gwajin da ya haɗa da asenik ga duk burtsatsen da ake sayar da ruwansa ko na makaranta da masallaci, a liƙa sakamakon a jikin tanki, a fara da unguwannin bakin kogi.